Sannunku da Aiki, Gwanayen Kulle

Ranku ya daɗe, shugabanninmu, an ci amanarku. Korona ta zo ta wuce, an cire takunkumi an jefar, bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofar ofisoshi sun koma na alwala, amma har yau babu wanda ya tsaya ya yi muku godiyar da ta dace. Talakan ƙasar nan bai san alheri ba. Ka kulle shi a gida don lafiyarsa, ya fito yana yi maka ƙorafin yunwa. To ni ba zan shiga sahun masu butulci ba, yau sai na faɗi alherinku a bainar jama'a, ko da na san ba zai ƙirgu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka sauƙaƙa aikin da duniya ta ɗauka mai wuya ne. Tun 1984 wasu masana shari'a suka taru a garin Sirakusa na ƙasar Italiya, suka tsara sharuɗɗan da hukuma za ta cika kafin ta tauye wa mutane 'yanci da sunan kare lafiya. Suka ce sai abin ya zama babu makawa, sai an zaɓi hanyar da ta fi sauƙi ga jama'a, kuma dokar ta hau kan kowa daidai, a bar wa wanda aka cuta ƙofar kai ƙara. A 2016, bayan ibola ta yi ɓarna a Gini da Laberiya da Saliyo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagoran, ta jaddada cewa wanda ka tsare a gida, cinsa da shansa sun hau wuyanka, kuma wajibi ne ka gaya masa gaskiyar halin da ake ciki. Dubi wannan ɗawainiya! Ku kuwa sai kuka buɗe durowa kuka zaro Dokar Killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka rubuta a zamanin da ba a neman shawarar ɗan ƙasa ko a kan harajin kansa. Kuka karkaɗe mata ƙura, ta yi aiki sumul.

Daren 29 ga Maris 2020 Shugaba Buhari ya yi jawabi, ya ce daga daren gobe an rufe Legas da Ogun da Abuja na mako biyu. An ba mutane yini guda cur su tanadi abincin kwana goma sha huɗu, kuma wannan karamci ne babba ga wanda yake da abin tanadin. Kaduna ta riga ta rufe. Kano ta bi sahu ranar 16 ga Afrilu, sannan ranar 27 ga watan, azumi bai yi mako guda ba, gwamnatin tarayya ta ƙara mata wani mako biyun.

Ku leƙa wani gidan haya a Kurna ko Rimin Kebe ku ga amfanin aikinku. Ɗaki tara, iyali tara, masai ɗaya, murhu a tsakar gida. Famfo ya bushe tun ba a haifi babban yaron gidan ba, ruwa sai ɗan ga-ruwa ya turo kura, shi ma an ce ya zauna a gida. Maigidan ɗaki na uku ɗan dako ne a kasuwar Singa, kuɗin cefanen dare yana kan buhun da zai ɗauka da rana. Matarsa tana soya awara a ƙofar gida, masu sayen 'yan adaidaita sahu ne, an tsayar da su. Sai rediyo ya shigo musu da nasiharku: a riƙa wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana, a ba da tazarar mita biyu, a ci abinci mai gina jiki. Wa ya taɓa kula da talaka haka? A watan Mayun shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 82.9 ne ke cikin talauci. Rajistar da aka ce za a bi a raba naira 20,000 kuwa gidaje miliyan 2.6 ke cikinta. Sauran kun girmama su, ba ku zubar musu da mutunci da sadaka ba. Har ma'aikatar jin ƙai ta ce ta kashe fiye da naira miliyan 500 wajen ciyar da 'yan makaranta a Legas da Ogun da Abuja alhali makarantun na rufe, ta ce gida-gida aka bi. Madalla da ƙafafun da suka yi wannan yawo.

Da kukan ya yi yawa a Kano, sai aka tausaya aka ce a fito Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Birni mai miliyoyin mutane, an dunƙule masa cefanen mako cikin awa goma sha biyu. Wanda ya ga 'Yankaba a waɗannan ranaku ya ga tazara iya tazara: kafaɗa kan kafaɗa, numfashi cikin numfashi, kowa na sauri kada huɗu ta yi masa a hanya kotun tafi-da-gidanka ta ci shi tara.

Jami'an tsaro ma ba a bar su a baya ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce tsakanin 30 ga Maris da 13 ga Afrilu jami'ai sun kashe mutum 18, 12 daga ciki a jihar Kaduna. A daidai lokacin, waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a faɗin ƙasar 11 ne. Kun tsere wa cutar da mutum bakwai cikin mako biyu. Waɗannan goma sha takwas dai an tabbatar korona ba za ta same su ba.

Masu hassada suna cewa dokar ba ta hau kan kowa daidai ba, suna kafa hujja da maƙabartar Gudu. Ranar 17 ga Afrilu Allah ya karɓi ran shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, Allah ya gafarta masa. Washegari aka yi jana'izarsa a wannan maƙabarta ta Abuja, manya suka cika wurin maƙil a gaban kyamarorin talabijin, har aka ga wani daga cikin masu aikin ya tuɓe rigar kariya ya yar a gefen hanya. A makonnin nan ne ake kama limamai a Kaduna da Kano don sun ja sallar Juma'a, ake hana ɗa raka gawar ubansa da jama'a. To ina laifi? Ai kwamitin shugaban ƙasa kan korona ya fito ya ba da haƙuri. Shi limamin unguwa ne bai san hanyar ba da haƙuri a talabijin ba, shi ya sa ya kwana a caji ofis.

Wani alherin da ba a faɗa shi ne ilimin da annobar ta ba ku. Da aka rufe filayen jirgin sama a ƙarshen Maris, hanyar Landan da Dubai da Alƙahira ta toshe, sai Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, ya shaida wa shugabannin majalisa cewa bai san haka harkar lafiyar ƙasar ta lalace ba sai da aka ɗora masa aikin yaƙi da annobar. Gaskiya ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne. A Abujar nan shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi ga lafiya, ku kuka karɓi baƙin, kuma kun riƙe alkawarin da daraja har ba ku yarda ya taɓa ƙasa ba, shekara da shekaru kason lafiya a kasafin tarayya bai kai rabin haka ba. Lokacin da annobar ta shigo, likitan da ke tsaye kan mai tari naira 5,000 ake biyansa a wata kuɗin kasada. Da hanya ta buɗe kuka nuna kun ɗauki darasi: ranar 30 ga Maris 2021 shugaban ƙasa ya tashi zuwa Landan a duba lafiyarsa, ranar 1 ga Afrilu likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki. Ya rage musu cunkoso da mutum ɗaya.

Sai Kano a watan Afrilun 2020, inda kuka nuna ƙwarewa wajen kwantar da hankalin jama'a. Masu haƙa kabari a Dandolo da Abbatuwa da Gyaɗi-gyaɗi ne suka fara magana, domin su ne hannunsu ya yi kanta. Mutumin da ya saba haƙa biyu ko uku a yini ya ga makara na bin makara, mafi yawa dattawa. Jaridar Daily Trust ta ruwaito an binne mutum 150 cikin kwana uku. Farfesoshi, tsofaffin ma'aikata, limamai, attajirai, kullum da safe sai sanarwar rasuwa. A daidai wannan lokaci ɗakin gwaji ɗaya tilo na jihar, wanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya tsaya da aiki na kwanaki. Babu gwaji, babu sabon mai cuta, alƙaluma suka yi kyau. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, kuma Gwamna Ganduje ya nemi naira biliyan 15 daga tarayya don yaƙar cutar. Asibitoci da dama suka riƙa mayar da marasa lafiya saboda ma'aikata ba su da kayan kariya, mai haki ya mutu a bayan mota ana yawo da shi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da nasaba da korona. Kun jira har aka share makoki kafin ku faɗa, don kada ku tayar wa masu ta'aziyya hankali, su fasa musabaha.

A kan almajirai kam yabon ya tsaya mini a maƙogwaro, ba zai fito ba. Gwamnonin Arewa sun hana kowa tsallaka iyakar jiha don kada cuta ta yaɗu, sannan su da kansu suka bi tsangayu suka kwashe yara dubbai, wasu ba su kai shekara goma ba, aka cusa su cikin bas-bas da manyan motoci, gwiwa na gugar gwiwa, tafiyar awanni cikin zafin bazara, kowane da allonsa da robar bararsa, aka kai su aka sauke a jihohin da aka ce nan ne asalinsu. Ba a gwada yawancinsu kafin tashi ba. Da aka gwada bayan isa, Kaduna ta sami 65 ɗauke da cutar cikin waɗanda aka kawo daga Kano, Jigawa ta sami 91. Daga nan sunan yaran ya koma masu yaɗa annoba. Ba su je Italiya ba, ba su san ƙofar filin jirgi ba. Manya ne suka shigo da ita, manya suka haɗa su a mota ɗaya mai lafiya da marar lafiya, manya kuma suka tsaya gaban 'yan jarida suna ƙirga su. Gyaran tsangaya abu ne da ya kamata a yi tun shekaru aru-aru, da shawarar malamai da iyaye, da makarantar da yaro zai shiga in ya koma gida. An zaɓi tsakiyar annoba domin a lokacin babu mai iya fitowa ya ce a'a. Da aka ɗage kulle yaran suka dawo kan titunan da aka kwashe su, babu wanda ya sake tambayar inda suka kwana.

Bari in koma bakin yabo, don babban aikinku yana gaba. Attajirai da bankuna, ƙarƙashin haɗakar CACOVID, sun ware kusan naira biliyan 23 don sayen abinci ga gidaje miliyan 1.7. Shinkafa, taliya, indomi, suga, gishiri, garin kwaki, kowane kwali da tambarinsa da rubutun cewa ba na sayarwa ba ne. Wani shugaba marar dabara da ya samu sai ya raba nan take, mutane su cinye, shi ke nan an yi asara. Ku kuka adana. Har damina ta ɗauke, kaya na nan lafiya lau bayan kwaɗo. Sai a ƙarshen Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka gano rumbunan, daga Maza-Maza a Legas zuwa Ilori, Bukuru, Kaduna, Jalingo, Yola, Gwagwalada. A Bukuru har kan rufin rumbun mutane suka hau suna yaye kwano. An ga tsohuwa da buhu a ka, an ga kayan da suka fara lalacewa, an tattake mutane a turmutsutsu. Ƙungiyar gwamnoni ta yi bayani mai gamsarwa, ta ce wani kason an ajiye shi ne don zagaye na biyu na cutar. Wani ɗan majalisar dokokin Legas da aka samu kayan a gidansa ya ce ranar bikin zagayowar haihuwarsa ya yi niyyar rabawa. Sannan aka sa dokar hana fita, aka bi gida-gida a wasu jihohin ana ƙwato kwalin taliya daga hannun waɗanda don su aka saya, aka kira su ɓarayi.

Malamai suna ba mu labarin Sayyidina Umar a shekarar fari da aka yi a Madina, yadda ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu, ya dawwama kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Wannan tsohon yayi ne. Shi bai san dabarar ajiya don zagaye na biyu ba.

Kada in manta da iyayen gidanku na ƙetare, don a wurinsu ma akwai abin koyi. Ƙasashe masu arziki sun yi odar riga-kafi tun ba a gama haɗa shi ba, Kanada ta kama abin da ya ninka yawan mutanenta sau da dama. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ta karɓi kashin farko, ƙasa da miliyan huɗu, ranar 2 ga Maris 2021. Da na rumbunansu ya kusa lalacewa sai tausayi ya kama su, suka aiko mana. Ranar 22 ga Disamba 2021 katafila ta bi ta kan allurai fiye da miliyan ɗaya a jujin Gosa da ke Abuja, wa'adinsu ya ƙare kafin a kai su hannun mutane. A watan ne kuma Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa saboda nau'in Omikron, wanda masanan Afirka ta Kudu da Botsuwana suka gano suka sanar da duniya. Ladan faɗin gaskiya ke nan, kuma ya nuna hikimarku ta yin shiru a Kano.

Da riga-kafin ya samu, mutane da yawa a Arewa suka noƙe, kuka ce jahilci ne. Nan ma kun yi tawali'u, kun ɓoye aikinku, domin wannan tsoro makaranta gare shi, kuma a Kano aka buɗe ta. A 1996, zamanin Abacha, sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Iyaye suna ta kwarara asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da yara a kafaɗa, wuya ya sanƙare. Ƙungiyar likitocin MSF na wurin tana ba da maganin da aka sani. Sai ga tawagar kamfanin Pfizer daga Amurka da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a ba shi lasisi ba tukuna. Suka ɗebi yara 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren farko, shida a na biyu, wasu suka tashi kurame ko da shanyewar jiki. Bayan kamar mako biyu tawagar ta haɗa kayanta ta tafi, annoba na tsaka da ci. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe yaran, ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ko cewa ga magani tabbatacce kyauta a harabar asibitin. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya.

Ku dubi yadda kuka rufa wa kowa asiri. Jaridar Washington Post ce ta tona maganar a ƙarshen 2000. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama aiki a 2001 ya ce gwajin ya saɓa doka, rahoton ya shige durowa ya yi shekara biyar sai da jaridar nan ta sake samo shi a 2006. Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi diyya a 2011, bayan gwajin ƙwayar halitta, shekara goma sha biyar da binne 'ya'yansu. Shi kuwa Trovan, a 1999 Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta.

Girbin bai jira an gama shari'a ba. A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa. Ƙarya ce tsagwaronta, ɗigon lafiyarsa ƙalau, amma ta sami ƙasa mai danshi, domin duk wanda ya ce likita ba zai yi haka ba sai a ce masa to Trovan fa. Kano ta dakatar da riga-kafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Sudan da Yaman da Indunusiya, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa ƙafafunsu. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, galibinsu mata masu neman ɗan alawus. Sai da sarakuna da malamai da dubban mata masu bi gida-gida suka yi shekaru suna lallashi kafin a ayyana ƙasar ta rabu da shan inna na daji a Agustan 2020, watanni kaɗan bayan kun kwashe almajirai, wata biyu kafin a fasa rumbunanku. Amanar da aka yi shekara goma sha bakwai ana ɗinkewa, kun nuna za a iya farke ta cikin damina ɗaya.

Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa. Cuta ce da riga-kafinta ya girmi kakanninmu, yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Akasarin waɗanda ta kama yara ne da ba a kammala musu allurar ba, maƙogwaro ya toshe, wuya ya kumbura, uwa na riƙe da hannu a ɗakin killacewa. Jami'ai suka fito rediyo suka ce sakacin iyaye mata ne, aka kafa kwamiti, aka buga fosta.